Baƙin haure ne matsalar Bauchi, ko mu ne ba mu san wa ke kwana a layinmu ba?

Baban Walida:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Na san wasu za su ce na cika zafi, amma sai na faɗa. Garin Bauchi ya cika da fuskokin da ba mu sani ba. Akwai wani kango a bayan layinmu a Fadamar Mada, da mutum biyu ne ke kwana a ciki, yanzu in ka leƙa da asuba tabarmi ne jere har bakin ƙofa. Ba wanda ya san sunansu, ba wanda ya san garinsu. Wasu da ka ji Hausarsu ka san ta ƙetare ce. Ga satar babura ta dawo, har injin burtsatsen masallacinmu an kwance. Ni dai a ganina gwamnati ta rufe boda gam kamar yadda aka yi a 2019, a bi unguwa-unguwa, duk wanda ba ɗan Najeriya ba ne kuma ba shi da takarda a sa shi a mota a mai da shi ƙasarsu. Amurka da ta fi mu komai ma abin da take yi ke nan. Mu me muke jira?

Hajiya Mai Atamfa:
Wa alaikumus salam. Baban Walida, an kama wanda ya kwance injin ne?

Baban Walida:
Ba a kama ba, Hajiya. Amma kafin zuwansu ba a yi mana haka.

Hajiya Mai Atamfa:
To ka ga zargi ne ke nan. Ni maigadin layin shagunanmu a kasuwar Wunti Buzu ne, tun 'yata ta fari tana goye yake wurin, yanzu ita ma goyo take yi. Ko allura ba ta taɓa ɓata a hannunsa ba. Wanda aka taɓa kamawa ya fasa shagon maƙwabciyata kuwa, yaron da muka san uwarsa da ubansa ne, har biki muke zuwa gidansu.

Ɗan Kobi:
Yaya Baban Walida, tunda ka kawo maganar 2019 bari mu tuna yadda ta kaya. A watan Agusta aka rufe, ba a fara buɗewa ba sai ranar 16 ga Disamba 2020, aka buɗe Seme da Illela da Maigatari da Mfun. To an yanka manoman Zabarmari a ƙarshen Nuwamba 2020, boda na rufe. An kwashe ɗaliban Ƙanƙara sama da 300 ranar 11 ga Disamba 2020, boda na rufe. Abin da rufewar ta hana shi ne shinkafa ta yi araha, sai kuma mutanen bakin iyaka da aka hana kai wa gidajen mansu fetur in dai suna cikin kilomita 20 daga boda. Ɗan bindiga bai taɓa bin layin buga fasfo ba balle a ce an rufe masa ƙofa.

Sai Baba:
Ku daina zagaye-zagaye. Wa ya buɗe musu ƙofa a jihar nan? Ba gwamnanku Bala Mohammed, Ƙauran Bauchi, ba ne a watan Fabrairun 2021 ya fito yana kare makiyaya masu riƙe AK-47, yana cewa daji ba na kowa ba ne? Duk wanda ya ji wannan daga Mali har Chadi ai ya san inda zai nufa.

Ɗan Ƙaura:
Kai malam, ka ji tsoron Allah. Abin da Ƙaura ya ce shi ne an bar makiyayi ba mai kare shi daga ɓarayin shanu, kuma daga baya ya fito ya yi bayanin abin da yake nufi. Sannan Bauchi tana da iyaka da wata ƙasa ne? Jihohi bakwai ne suka kewaye mu: Kano, Jigawa, Yobe, Gombe, Taraba, Filato, Kaduna. Kafin mutum ya iso Azare daga Nijar sai ya ratsa Jigawa ko Yobe. Imigireshan ta tarayya ce, kwastam ta tarayya ce, soja da 'yan sanda na tarayya ne. Jam'iyyar wa ke riƙe da tarayya tun 2015? Wa ya fara shimfiɗa layin dogo zuwa Maraɗi, har ya ce in an dame shi a Daura Nijar zai koma?

Sai Baba:
Layin dogo kaya zai ɗauka, ba bindiga ba.

Shugaban Zaure:
Sai Baba da Ɗan Ƙaura, kun fara ko? Duk maganar da aka kawo sai kun mai da ita fosta. Wanda ya ƙara ambaton jam'iyya zan cire shi har gobe. Lauya, kina kusa? Ki warware mana abin da doka ta ce.

Lauyar Talakawa:
Ina nan, ranka ya daɗe. Zan taƙaita iya iyawata.

Ɗan Nijar ko Benin ko Ghana da ya shigo nan ba baƙon haure ba ne kai tsaye. Tun 1979 ƙasashen ECOWAS suka sa hannu cewa ɗan kowace ƙasa zai shiga ɗaya ba biza, ya yi kwana 90, muddin yana da takardar tafiya kuma ta ƙofar da aka sani ya shigo. In zai wuce haka sai ya nemi katin zama. Makiyaya ma suna da tasu yarjejeniyar ta 1998, da takardar da ya kamata ta nuna yawan dabbobi da rigakafinsu da hanyar da za su bi. Matsalar, a cikin masu shigowa kaɗan ne ke bin wannan tsari, kuma mu ma namu da ke Maraɗi da Damagaram da Yamai haka suke zaune.

Nijar da Mali da Burkina Faso sun fita daga ECOWAS ranar 29 ga Janairu 2025, amma a ranar ƙungiyar ta ce a ci gaba da barin mutanensu suna shige da fice kamar da, har sai an sake sanarwa.

Sannan gwamna ba shi da ikon korar kowa daga ƙasa, balle mai unguwa ko 'yan banga. Wannan aikin tarayya ne. Kuma kora tana da haɗarin da ba a cika tunawa ba. A Janairun 1980 an ɗauki Shugaba Abdurrahman Darman, shugaban masu rinjaye na majalisar dokokin Borno a jam'iyyar GNPP, aka tsallakar da shi Chadi, wai mahaifinsa ɗan can ne. Sai da kotu ta ce korar haramtacciya ce. In an yi wa ɗan majalisa haka, me kuke jin za a yi wa mai tura kurar ruwa daga Gamawa da ba shi da ko katin zaɓe?

Baban Walida:
Lauya, na ji dokokinki. Amma doka ba ta kwana a layinmu, mu ke kwana. Kuma ku gaya min, Lakurawa 'yan ina ne? Ba daga Mali da Nijar suka gangaro Tangaza da Gudu ba? Ba su suka kashe mutane a Mera ta ƙaramar hukumar Augie a watan Nuwamban 2024 ba? Maitatsine ɗan ina ne? Ko shi ma ɗan Gwallaga ne?

Kawu Ritaya:
Ɗana Baban Walida, tunda ka taɓo Maitatsine bari tsoho ya sa baki, don wannan da idona na gani.

Gaskiyarka, Muhammadu Marwa mutumin Kamaru ne. An ma taɓa korar sa daga Kano a farkon shekarun 1960, ya sake dawowa. Rikicinsa na Disamban 1980 ya ci mutum sama da 4,000. Kuma irin maganar da kake yi yanzu ita aka yi ta yi a lokacin, a majalisa da gidan rediyo da bakin kasuwa: baƙi ne, a kore su. A Janairun 1983 gwamnatin Shagari ta ba duk marasa takarda mako biyu su fice. Mutanen da suka fita an ƙiyasta sun kai miliyan biyu, wajen rabinsu 'yan Ghana. Jakar nan mai zane-zane da kuke zuba kaya a ciki, daga nan ta samo sunanta na Ghana Must Go. Ina tuna telan da ke mana ɗinki, mutumin Ghana, da ya sayar da kekensa a wulaƙance, ya ɗaura katifa a ka ya nufi tasha, matarsa na biye da tukwane a cikin zani.

To bayan an kore su sai aka zauna lafiya? A 1984 almajiran Maitatsine suka tashi a Jimeta. A watan Afrilun 1985 suka tashi a Pantami, cikin Gombe, lokacin Gombe tana jihar Bauchi. Baƙi an kora, amma mabiyan da suka rage yawancinsu 'ya'yanmu ne.

Kuma kada mu manta, 'yan Ghana ramuwa suka ce an yi musu, don a 1969 gwamnatin Busia ta kori namu daga can. Akwai gidaje a ƙasar Hausa da kakanninsu suka dawo daga Kumasi ba ko sisi.

Baban Walida:
Kawu, Allah ya ƙara girma. Ba zan yi musu da ku a kan abin da kuka gani ba. Amma da an hana Marwa dawowa tun farko ai da ba a kai ga Pantami ba. Wannan ma hujjata ce.

Kawu Ritaya:
Wannan kam ka faɗi gaskiya. Mutum ɗaya da aka sani, aka san wa'azinsa, aka san gidansa a 'Yan Awaki, aka zuba masa ido. Shi ya kamata a tare, ba tela ba.

Ɗan Kobi:
Kuma a ƙara da cewa tarzomar Boko Haram ta Yulin 2009 a nan garin ta fara, a Dutsen Tanshi. A Satumban 2010 suka fasa gidan yarin Bauchi, fursuna sama da 700 suka fita. Muhammad Yusuf ɗan Yobe ne, Shekau ma haka. Wace boda za a rufe a kansu?

Malamin Alkaleri:
Na daɗe ina karantawa ban ce komai ba. Ku mutanen birni kuna maganar babur da injin burtsatse, mu nan maganar rai muke yi. Ni ina bayan Baban Walida a abu ɗaya: shigowar mutanen da ba a sani ba ita ce ta canja mana ƙasa. Wanda ya ce ba haka ba ne ya zo gundumar Gwana ya kwana biyu. Dajin da ya haɗa mu da Taraba da Filato da Gombe, da mata ke shiga su yi itace su ɗebo kaɗanya, yanzu maharbi da bindigarsa ma sai ya yi shawara.

Amma inda na rabu da shi, waɗannan mutanen akasarinsu ba fasfo za ka tambaye su ba, don 'yan Najeriya ne. An matsa musu a yamma, suka gangaro gabas. Akwai na ƙetare a cikinsu, ana jin harshen da ba namu ba, ban musa ba. Sai dai ko an kwashe duk 'yan Nijar da ke cikin garin Bauchi yau, gobe ba abin da zai ragu a dajinmu.

Abin da ke ci min rai shi ne yadda suke samun wurin zama. Mutum zai zo da shanu da kuɗi a buhu, a sayar masa da fili a bakin daji, ba wanda zai tambaye shi daga ina, me ya raba shi da can. Ranar kasuwa ka ga yaro ɗaya ya sayi burodi buhu guda, fetur jarka huɗu, katin waya na dubbai, taba kwali-kwali, ya ɗaure a babur ya nufi inda ba gari. Mai burodin ya san ba gidan biki za a kai ba. Mai fetur ya sani. Wanda ke gaya musu wane ya sayar da masara jiya, wane ɗansa ya turo kuɗi daga Legas, a masallaci ɗaya muke sallah da shi. Da ɗan gari akan ci gari.

Hajiya Mai Atamfa:
Innalillahi. Allah ya kawo muku ɗauki, Malam.

Baban Walida:
Amin. Malam, Lakurawan ma ai an ce mutanen yankin ne suka fara gayyato su don su kore musu ɓarayin shanu. Na yarda da wannan. Amma da iyakar a tsare take, wa za a gayyato?

Direban Tirela:
Yaya, ka taɓa zuwa Maigatari ranar Alhamis? Ka je ka tsaya ka gani. Ƙofar hukuma tana nan da ƙarfenta da tutarta, amma dama da hagu fili ne fetal, babura da amalanke da raƙuma na ratsawa ta cikin gonaki. Iyakarmu da Nijar ta kai wajen kilomita 1,500, daga Kebbi har tafkin Chadi. Akwai manomin da gidansa ke Najeriya, gonarsa na Nijar, surukansa na can. Sarkin Maraɗi har yau Sarkin Katsina ake kiransa. Da wane ƙarfe za ka raba wannan?

Kuma ni da nake kan hanya kullum, na san abin da shinge yake nufi. An tsayar da mota, an haska fitila, an sauke mutum uku da aka ga fuskarsu ba ta nan ba ce, an zagaya da su bayan bukka, minti biyar sun dawo sun hau. Wanda ba shi da na goro shi ke kwana a wurin. To mai ɗauke da mugun kaya ai shi ya fi kowa kuɗin goro. Ƙarin shinge ƙarin kuɗin mota ne kawai a kan talaka.

Abu na biyu, wannan maganar ta "fuskar da ba mu sani ba" ni tsoro take ba ni, don ni ake faɗa wa ita. Da na tsallake Lokoja na zama baƙo. A can ba mai bambance ɗan Darazo da ɗan Damagaram, duk sunanmu ɗaya. Kun manta Uromi? A watan Maris na 2025 'yan banga suka tare motar maharba da suka taso daga Fatakwal za su Kano hutun Sallah, aka ga bindigogin farauta, aka ce masu garkuwa da mutane ne, aka kashe mutum 16. Waɗanda suka yi wannan su ma cewa suka yi tsaron garinsu suke yi, kuma su ma an sha sace musu mutane. Duk ranar da muka ce a nan a bi gida-gida a fitar da baƙo, mun ba su hujjar yi mana haka a Sabo ta Ibadan da Mile 12.

'Yar Gubi:
Kawu Direba ya taɓo inda nake so in yi tambaya. Baba Baban Walida, da me za a gane wanda ba ɗan ƙasa ba? Kakata a ƙauyenmu na Ningi ba ta da takardar haihuwa, ba ta da NIN, ba ta taɓa yin zaɓe ba. Hausarta ma da gargada, don ba ita ce harshenta na farko ba. A gefe guda kuma lambar NIN ba shaidar zama ɗan ƙasa ba ce, baƙon da ke zaune bisa ƙa'ida ma ana ba shi. Takardar shaidar ƙaramar hukuma kuwa kowa a zauren nan ya san yadda ake samun ta. Ke nan in aka fito kame, mai wayo da kuɗi zai nuna takarda uku, kakata ce za a sa a mota.

Baban Walida:
'Yata, ba wanda zai taɓa kakarki. Mai unguwarsu ya san ta.

'Yar Gubi:
To ashe ba takarda ba ce maganar, Baba. Sani ne.

Ɗan Azare a Ingila:
Ina gaida manya. Tunda an kawo misalin ƙasashen waje, bari in faɗi abin da ke nan. A ƙarshen Yulin 2024 wani matashi ya kashe yara mata uku a garin Southport. Kafin gari ya waye an baza a intanet cewa Musulmi ne ɗan gudun hijira da ya shigo ta kwalekwale. Aka far wa masallacin garin, aka kai hari otal-otal ɗin da ake ajiye masu neman mafaka. Ashe a Cardiff aka haifi yaron. Mu da muke da cikakkiyar takarda muka yi kwanaki muna sallah a ɗaki. 'Yan siyasar nan sun gano cewa maganar baƙi tana kawo ƙuri'a fiye da maganar asibiti da gidan haya, shi ya sa ba sa barin ta ta huce. Shirin kai masu neman mafaka Ruwanda an zuba masa kuɗi mai yawa, gwamnatin da ta hau a 2024 ta soke shi.

Amma in yi wa Yaya Baban Walida adalci: a nan ba za ka ba mutum hayar ɗaki ba sai ka duba takardarsa, in ba haka ba kai mai gidan za a ci tara. Ba za ka ɗauke shi aiki ba sai ka duba. Nauyin a kan mai gida da mai aiki yake. Wannan ɓangaren ne mu ba mu da shi.

Game da Amurka kuma, a Yulin 2025 Yusuf Tuggar, ɗan jiharmu, yana ministan harkokin waje, ya fito ya ce ana matsa wa ƙasashen Afirka su karɓi 'yan Venezuela da Amurka ke kora, kuma Najeriya ba za ta karɓa ba. A watan ne kuma aka mai da bizar yawancin 'yan Najeriya ta wata uku, shiga ɗaya. Wato a idonsu mu ne fuskar da ba a sani ba.

Wakilin Mai Unguwa:
Salamu alaikum. An ce min ana ambaton masu unguwanni, shi ya sa na leƙo. Baban Walida, kangon da kake magana na san shi. Ka san mai shi? Wani babban mutum ne da ke zaune a Abuja, ɗan garin nan. Wanda ya bar wa makulli shi ke karɓar kuɗin kwana a hannun kowane mai tabarma. Mun kira shi fada, ya ce sai ya gaya wa maigidansa. Har yau maigidan bai ɗaga waya ba. Na shiga da kaina na tambaye su ɗaya bayan ɗaya: akwai 'yan Nijar masu ga-ruwa da masu yankan farce, akwai 'yan ci-rani daga Jigawa, akwai mutanen Zamfara da aka ƙone musu gari. Ban ce duk salihai ba ne, ban san zuciyar kowa ba. Amma ni ba ni da ikon rufe gidan mutum, ba ni da ko kuɗin kati da zan yi ta kiran Abuja.

Baban Walida:
Ranka ya daɗe, wallahi ban san an kira shi ba. To ai shi ya kamata a fara kamawa.

Kawu Ritaya:
Yauwa. Da can haka abin yake. Baƙo ba ya kwana a gari sai yana da mai masauki, mai masaukin kuma shi zai kai shi gaban mai unguwa ya ce ga baƙona, daga wuri kaza, sana'arsa kaza. In baƙon ya yi ɓarna, mai masauki ake kamawa. A kasuwar shanu fatoma ne ke tsaya wa Agalawa da Buzaye da mutanen Chadi, shi ke ajiye musu kuɗi, shi ke lamunce su. Ga kuma haraji da jangali, da duk muninsu, sun sa dagaci ya san kan kowane magidanci, ardo ya san kowane garke. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya zare wa sarakuna iko, aka kuma soke haraji da jangali, ba a kawo wani abin da zai riƙa ƙirga mutane a madadinsu ba. Yanzu dillalin gidaje ya karɓi la'adarsa ya miƙa makulli, ko sunan uban mutum bai tambaya ba.

Hajiya Mai Atamfa:
Kawu, mu mata ma muna da namu laifin. Nawa ne a cikinmu suka san garin 'yar aikin da ke kwana da 'ya'yansu? Wata mata ce ke kawo su a mota, a biya ta, shi ke nan. To ni na yarda a buɗe littafi a gidan mai unguwa, duk mai gidan haya da mai kango da mai 'yar aiki ya kai suna da hoto da lambar wanda ya tsaya wa mutum. Amma kowa da kowa, ɗan Nijar da ɗan Katagum. Kuma kada a karɓi ko kwabo, don da an sa kuɗi ya zama wani shingen irin na Direba.

Wakilin Mai Unguwa:
Hajiya, wa zai sayi littafin, wa zai biya yaron da zai zauna yana rubutu?

Hajiya Mai Atamfa:
Littafin unguwarmu ni zan saya. Yaro kuma a nema a cikin kuɗin da muke tarawa na 'yan banga duk wata.

Lauyar Talakawa:
Ba laifi a doka in an yi shi da sanin DPO da hakimi, kuma da yardar mutane. Sharaɗi biyu dai. Littafin ya zauna a fada, kada ya zama takardar da ake ɗauka a hoto ana yawo da ita a WhatsApp. Sannan 'yan banga ba su da hurumin duka ko kora. Wanda aka ga alamar tambaya a kansa a miƙa shi ga hukuma. Ɗan ƙasa kuwa sashe na 41 na tsarin mulki ya ba shi damar zama ko'ina a Najeriya, ko ya shiga littafi ko bai shiga ba. Abin da za ku iya shi ne ku ƙi ba shi hayar gidanku.

Baban Walida:
Littafi na yarda da shi, zan kai sunan 'yan hayata gobe in Allah ya kai mu. Amma ban janye maganar boda ba. Ƙasar da ba ta san adadin masu shigo mata ba tana wasa da kanta ne, ko Kawu ya kawo tarihin duniya. Makaman da suka watsu bayan faɗuwar Gaddafi a 2011 ba daga sama suka faɗo Zamfara ba.

Ɗan Kobi:
A kan makamai ba mai musu da kai, Yaya. Amma wannan sai da haɗin kan sojan Nijar, kuma tun da aka yanke musu wuta aka rufe musu boda bayan juyin mulkin Yulin 2023 zumuncin bai koma daidai ba, duk da an buɗe ɓangarenmu a Maris 2024.

Malamin Alkaleri:
Lauya, littafinku na birni ne. Wanda ke cikin daji ba zai zo gidan mai unguwa da hoto ba. Ga tambayata: in mutum ya zo daga Zamfara da garkensa, ɗan ƙasa ne, ya ce zai zauna a bakin dajinmu, dagaci ya ce a'a sai an bincika, dagacin ya karya wannan sashe na 41 ɗin?

Lauyar Talakawa:
Bai karya ba, Allah gafarta Malam. 'Yancin zama a ko'ina bai ba mutum damar kafa bukka a gandun dajin gwamnati ko filin da ba a ba shi ba. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta sa ƙasar jiha a hannun gwamna a matsayin amana, a karkara kuma ƙaramar hukuma ce ke ba da izinin noma da kiwo. Dagaci ba shi da ikon sayar da gandun daji tun asali, kuma yana da damar cewa a jira a ji ta bakin hakimi da ƙaramar hukuma da jami'an tsaro. Abin da ba zai yi ba shi ne ya ce don kai Bafulatani ne ko don kai Bazamfare ne, wannan sashe na 42 ya hana. Ya tambayi takarda daga ardo ko hakimin inda mutum ya baro, ya kira can ya tabbatar, kuma ya yi wa kowa haka.

Malamin Alkaleri:
To don Allah ki rubuto min wannan da Hausa, shafi ɗaya, da lambobin sassan. Ranar Juma'a bayan an sauko akwai zama a fadar hakiminmu, dagatai da ardo-ardo duk za su zo, kuma biyu daga cikin masu sayar da filayen za su kasance a wurin.

Lauyar Talakawa:
Zan turo maka kafin daren Laraba. Ka aiko min da sunan gandun dajin ta akwatina, in duba ko yana cikin waɗanda gwamnati ta keɓe.